Na Bi Irin Geronmu Har Malanbil

Tun da na dawo ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keken ɗinki sai wani ya leƙo shagona a nan Anka ya ce, "Lawali, wai da gaske ƙasar Hwaransa kat tahi?" Na gaji da cewa ba Faransa ba ce, Binin ce, kuma gefenta kawai na taɓa. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da ɗinkina.

In faɗa muku tun farko, ni matsoraci ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Abin da ya fitar da ni daga gida har na ƙetare iyaka, buhun gero ne guda ɗaya.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Nasarawar Burkullu. Muna da wani gero da muke kira ɗan gajere, wanda Inna ta zo da irinsa daga gidan mahaifinta tun tana amarya. Ba ya tsawo, zangarniyarsa ma ba ta burge mai wucewa, amma yana nuna kafin na kowa. A shekarun nan da ruwa ke zuwa a makare ya ɗauke da wuri, shi ne ke riƙe da gidanmu. Kowace kaka Inna ke zaɓar zangarniyar iri da hannunta, a ɗaure daban. In bazara ta yi sai a sussuke, a gauraya da toka saboda ƙwari, a zuba a buhu, ta ɗaure bakinsa da ƙyallen tsohon zanenta.

Bana gero ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Dillalai suka riƙa shiga ƙauyuka da babura suna bi gida gida, suna cewa waje ake kai shi, can an fi mu buƙata. Yayana Ummaru, wanda shi ke riƙe da noman gidan, ya sayar da abin da ya ga za a iya sayarwa. Ranar da aka zo ɗauka yana sauri, masu lodi suna sauri, Inna ta tafi barkar haihuwa. Buhun iri yana jingine a ɗaki ɗaya da sauran, aka haɗa da shi. Ba wanda ya lura sai bayan makonni, da hadari ya fara leƙowa ta gabas, Inna ta ce a fito mata da iri ta shanya.

Da aka kira ni na je, na tarar da Yaya Ummaru a zaure ya kasa ɗaga kai. Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi.

"Ku sawo na kasuwa," in ji wani maƙwabci.

"Na kasuwa bai san gonarmu ba," in ji Inna. "Kahin shi hidda kai ruwa ya tahi. Mi za mu ci?"

Maƙwabtan da muka taɓa ba irin duk sun cinye nasu, saboda yunwar bara. Yaya ya kira dillalin da ya saya, wani mutumin Gummi, shi kuma ya ce kayan suna Malanbil a ƙasar Binin, an jibge su a sito ba a taɓa ba, kasuwa ta tsaya. Yaya ba zai bar sharar gona ba, ni ne kuma mai katin ɗan ƙasa a gidan. Inna ta dube ni. Na duba bayana ko akwai wani Lawalin, babu.

Daga Anka zuwa Gummi kun san hanyar, ba sai na faɗa ba. Amma ga wanda bai sani ba, direbobinmu ba sa tashi don mota ta cika, sai sun ga wata ta fito daga ɗaya ɓangaren direbanta ya ce hanya lafiya. Ranar muka cika muka zauna, rana tana hawa, ba motar da ta ɓullo. Kowa ya san abin da shirun hanya ke nufi. Da wata tsohuwar mota ta iso da akuyoyi a samanta, mutane suka yi mata caa kamar ta kawo amarya. Ashe taya ce ta fashe wa wata babbar mota ta tare hanya. Duk da haka har muka wuce Daki Takwas kaina yana tsakanin gwiwoyina, matar da ke kusa da ni tana tambaya ko cikina ke ciwo.

A Gummi na sami dillalin a bakin rumfarsa. Na zaci zan ga mutum cikin walwala, sai na ga ya fi Yaya damuwa. Ya ce kayan da ya tura ba su motsa ba. Ya faɗa mini sunan mai siton, Hajiya Fati, ya kuma ce in na isa Kamba in nemi wani Malam Idi a tashar hatsi, shi zai ƙetarar da ni.

Hanyar Jega zuwa Kamba ta fi tamu kwanciyar hankali, har na ɗaga kai na yi kallo. Da ban yi ba. Gonaki ne dama da hagu an share su tas, wasu an yi shukar binne, an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, tsuntsaye suna bi suna tonewa. Wani dattijo a motar ya ce su an yi musu ruwa sau ɗaya tun kafin lokaci, ya ruɗi mutane, bai sake dawowa ba. Na yi ta lissafin gidanmu a zuci, yaran Yaya, matansa, Inna, da nawa iyalin da ke jiran a aiko da hatsi daga ƙauye. Ɗinki ba ya ciyar da wannan taron.

Malam Idi gajere ne mai fara'a, irin mutanen da in sun yi dariya sai sun riƙe kafaɗarka. Da ya ji abin da ya kawo ni ya yi dariyar har ya zauna.

"Kowa na hita da gero shi dawo da kuɗɗi, kai ka hito da kuɗɗi ka koma da gero. Wane gari kac ce kake?"

Ya sauke ni a zaurensa tare da wasu fatake. Da magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ni ɗan tudu, ban saba da ƙaya ba, loma ta biyu ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Na yi ta kakari, hawaye na zuba, wani Bazabarme yana dukan bayana yana ba ni umarni da harshen da ba na ji. Malam Idi ya sa na haɗiye ƙatuwar lomar tuwo ba tauna, ta wuce da ita. Na gode wa Allah, na kuma ƙare abincin ban ƙara taɓa kifin ba.

Da safe muka hau babur zuwa iyakar Nijar, don ta can ake bi. Tun daga nesa da na hango masu kaki na maƙale a bayan Malam Idi, ko da yake ban ɗauko komai ba sai jakar leda da riga ɗaya. Na ɓangarenmu suka duba kati suka sallame ni. Na ɗaya ɓangaren ya yi mini tambaya da Faransanci, na ce masa "Lafiya lau." Ya sake, na sake cewa lafiya lau. Sai ya juya Hausa, tatacciya kamar ta mutanen Kamba, ya ce yana tambayar inda za ni ne. Na ce neman irin geron Innata. Ya dube ni, ya dubi Malam Idi, ya ce in wuce, wanda zai yi ƙarya ba wannan zai zaɓa ba.

A Gaya, garin Nijar da ke bakin kogi, muka canja kuɗi zuwa sefa. Na ba da damin naira guda aka ba ni 'yan takardu da ƙarafa, na tsaya ina jiran sauran har mai canjin ya kira na bayana. A can na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya. Suna tsaga shi su cusa wake da mai. Na ci, ya yanke mini dasashi, amma yana riƙe ciki.

Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a rufe take a lokacin, sai a jirgin ruwa. Ni kuwa ruwan da ya wuce gwiwa ban taɓa shiga ba, ko gulbin garinmu in ya kawo sai in jira ya janye. Jirgin katako ne dogo mai inji, an loda masa babura, buhunan albasa, tumaki, da mu. Bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba. Na zauna a tsakiya na rungume wani buhu, na karanta duk addu'ar da na sani, na koma kan ta cin abinci.

Muna tsakiyar kogi sai jirgin ya yi wani gurnani ya tsaya cak. Na rufe ido na yi shahada. Da na ji shiru na buɗe, sai na ga maza suna naɗe wando suna dirgawa cikin ruwan. Yashi muka hau. Malam Idi ya ja ni na sauka, ruwan ya tsaya mini a ƙasa da gwiwa. Muka tura jirgin kamar motar da ta maƙale a laka, mutane suna ta yi mini dariya. Mai jirgin bai yi dariya ba. Ya ce tun yana yaro yake bin wannan layin da mahaifinsa, a nan wurin sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa. Na dubi faɗin kogin, na dubi gwiwata. Tsoron nutsewa ya tafi, wanda ya maye gurbinsa, tsoron fari, ya fi shi nauyi, kuma shi bai sake ni ba har yau.

Kasuwar Malanbil ta ninka ta Gummi ban san sau nawa ba. Abin da ya fara ba ni mamaki, mata ne ke riƙe da ita. Su ne kan babura, su ne kan buhuna, su ke daka wa 'yan dako tsawa. Ba sa awo da tiya kamar mu, babu maganar a cika ta yi tozo ko a ƙara ɗan gyara. Sikeli ne, allura ta tsaya magana ta ƙare. Na sayi wani abu a naɗe cikin ganye ina zaton alala ce, ashe tuwon masara ne mai sanyi da tsami. Mai sayarwar ta ga fuskata ta ƙara mini yaji kyauta.

Hajiya Fati babbar mace ce mai tabarau, Hausarta tana da wani lanƙwasa amma ana ji sarai. Ta buɗe mana siton. Buhunan gero da dawa ne tun daga ƙasa har rufi, da rubutun dillalan garuruwanmu a jikinsu. Ƙamshin gida ya buge ni. Na tambaye ta yadda aka yi abinci ya yi tsada haka a wurinmu, ga shi nan kuma a jibge ba mai saya.

Ta ce, "Ɗana, bara fari ya kama ƙasashen da ke aiko mana da shinkafa da masara ta teku. Suka riƙe abinsu, kowa a nan ya koma gero da dawa, shi ne muka aika har ƙasarku muna saye ko nawa ne. Bana su an yi musu ruwa. Jirage sun cika bakin teku, shinkafar da ta ƙetaro duniya ta fi geronku araha. Naku tun daga gona ya yi tsada saboda ruwa ya gaza muku, ga kuɗin mota, ga na hanya. In na sayar yadda ake saye yanzu na karye, in na riƙe ƙwari su ci. Masu sayen riɗi ma sun juya wata ƙasa."

Na tsaya ina jin abin kamar almara. Ruwa ya sauka a wata ƙasa da ban san sunanta ba, ya hana geron Yaya Ummaru fita daga sito. Na ce mata ni buhu ɗaya nake nema, mai ɗaure da ƙyallen zane, akwai toka a ciki.

Ta cire tabarau. "Kai ne mai shi?"

Ta kai ni bayan ƙofa. Yana nan, da ƙyallen Inna, amma ya kwanta kamar rigar da aka cire. Na durƙusa na ɗaga shi da hannu ɗaya.

Ta ce tun ranar da aka sauke kaya ta ga tokar ta gane iri ne, ita ma 'yar manoma ce. Da aka yi ruwan farko a yankinsu manoma suka cika kasuwa suna neman iri mai saurin nuna. Duk siton nan ba abin da ya motsa sai wannan buhun. Ta ce da ta san da mai nema da ta ajiye, na kuma yarda da ita. Abin da ya rage zai shuka gonarmu ta bayan gari sau ɗaya, in an yi hannu da kyau. Sau ɗaya, babu na maimaici.

Ina ɗaure bakin buhun sai wani tsoho ya yi sallama. Siriri ne, rigarsa duk faci, ɗinkin hannu, irin wanda tela ke gani ya ji kunya. Ya yi wa Hajiya magana da Dendanci, harshen mutanen wurin, yana nuna bayan ƙofa. Ta amsa tana nuna ni. Malam Idi ya fassara mini. Tsohon yana cikin waɗanda suka sayi irin. Ya shuka, ya fito gwanin kyau, bai taɓa ganin gero mai saurin tashi haka ba. Sai ruwa ya ɗauke. Ya dawo neman ƙari ne.

Na ce a tambaye shi tsawon lokacin da shukar ta jure.

"Juma'a biyu," in ji Malam Idi bayan ya ji amsar. "Ta ukku ba ta iske shi ba."

Tsohon bai roƙe ni ba. Ya dai tsaya yana kallon buhun a hannuna. Na tuna Inna, na tuna yaran gidanmu, na ƙanƙame abina. Sannan na ji ba zan iya wucewa ta gabansa in fita ba. Na kwance, na zuba masa tafi biyu a hularsa, wasu ƙwayoyin suka zube ƙasa. Ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ƙi karɓar ko sisi a wurina, ta ce in gaida Inna.

Dawowa ban ga komai ba. Na ɗaura irin a cikina ƙarƙashin riga, na zama kamar mai ciki, a jirgi ma da muka sake hawa yashi na ƙi sauka. A iyaka mai kakin nan ya gane ni ya ce, "An samu?" Na ɗaga riga na nuna masa. Malam Idi ya raka ni har mota a Kamba, wannan karon bai yi dariya ba, ya ce in an yi girbi in tuna da shi. Tsakanin Gummi da Bukkuyum muka ji an ce an ga mutanen daji sun gitta da safe, direba ya kashe rediyo ya taka mota. Abin da ya zo mini a rai shi ne in sun tare mu su ɗauki waya da kuɗi da ni kaina, su bar wani ya kai buhun gida.

Inna ta karɓa ta jinjina shi a hannu. Ba ta ce ya yi kaɗan ba. Ta zuba kaɗan a tafi, ta hure tokar, ta ce shi ne. Na ba ta labarin tsohon duka, ban da tsawon lokacin da shukarsa ta jure, wannan na riƙe.

Ba a jima ba aka yi ruwa. Gari ya fita da sungumi, Yaya Ummaru ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinta. Ta fita tsakar gida ta tura yatsa cikin ƙasa, ta ce a bari, wannan bai kai ba. Muka zauna muna ganin maƙwabta suna shuka, Yaya yana shiga yana fita, abinci ma ya kasa ci. Da na biyu ya sauka mai ƙarfi, ta sake tura hannu, ta miƙa masa buhun. Na rufe shago na je muka shuka tare. Ita ta riƙa faɗin yawan da za a jefa a kowane rami, har muka kai ƙarshen gonar aka kakkaɓe buhun.

Ya fito, kore shar, layi layi. Tun ranar ba a ƙara ɗigo ba. Hadari yana haɗuwa da la'asar, iska ta taso ta watsa shi. Yaya ya ce ganyen ya fara naɗewa da rana, yana buɗewa da safe. Inna da ta yi shekaru ba ta taka gona ba, yanzu kullum sai an ɗauke ta a babur ta je ta gani.

Ɗazu ta sa aka kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta jefo mini tambaya.

"Lawali, tsohon ga da kab ba iri, nashi kwana nawa yay yi kahin shi bushe?"

Na ce mata ban tambaya ba. Ta ce to, Allah ya kawo ruwa, na ce amin. Na ajiye wayar na fita bakin shago na duba gabas. Juma'armu ta biyu ba ruwa jibi ce.